An saka wa mahaifina ƙarfe a ciki don tsayar da jini, ko zai zauna ne har abada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Daga Anguwar Rogo a Jos nake rubuto maka. Makon jiya Babanmu ya yi aman jini sau biyu, bayan ya kwana uku yana bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta. A asibiti an ƙara masa jini leda biyu, aka zura masa na'ura mai kyamara ta baki, daga baya aka ce mana an maƙala ƙananan ƙarafa biyu a kan gyambon cikinsa. 'Yan'uwa suna cewa kwaskwarima aka yi mana, da tiyata aka yi ya fi. Shin ƙarfen zai zauna a cikinsa ne, kuma an tabbatar da ingancinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ba kwaskwarima aka yi muku ba, domin a yau tiyata ita ce mafita ta ƙarshe ga gyambon da ke zubar da jini, ba a zuwa gare ta sai aikin na'urar leƙa ciki ya gagara.

Abin da aka saka masa muna kiransa kilif. Siffarsa kamar ɗan awartaki ce, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ana tura shi a rufe ta cikin ramin na'urar, idan ya fito a gaban kyamara sai ma'aikacin jinya ya buɗe bakinsa, likita ya daidaita shi a kan jijiyar da ke tsiyaya, a matse, a sake shi nan a maƙale. Wanda ya taɓa ganin allon a wannan lokaci ba ya mantawa: jini na feshi, da an datse sai ruwan wankin ya koma garau. Likitocin Japan ne suka fara bayyana dabarar a 1975, saboda haka ba sabon abu ake gwadawa a kan Baba ba. Wannan irin yakan faɗi da kansa cikin 'yan makonni ya fita ta bayan gida ba tare da an sani ba, wani kuma yakan jima, kuma jimawar ba cuta ba ce.

Inda bincike ya fi zafi a 'yan shekarun nan shi ne kan wani babban kilif da kamfanin Ovesco na birnin Tübingen a Jamus ya ƙera, wanda ake ɗorawa a kan bakin na'urar maimakon a bi da shi ta cikinta. Haƙoransa kamar na tarko suke, ana zuƙo naman cikin wata 'yar hula sannan a sake shi ya kama da ƙarfi. A wani gwaji da likitocin Jamus suka jagoranta aka wallafa a 2018, an raba majinyata 66 da jininsu ya dawo bayan aikin farko gida biyu: waɗanda aka yi wa aikin da aka saba, kusan kashi 58 cikin ɗari jinin bai tsaya ba ko ya sake dawowa, amma masu babban kilif kashi 15 ne kacal. Wani gwajin da likitocin Hong Kong suka jagoranta kan mutum 190, wanda ya fito a 2023, ya gwada shi tun a karon farko, aka sami ci gaban zubar jini a kusan kashi 3 na masu babban kilif, a kan kusan kashi 15 na waɗanda aka yi wa aikin da aka saba. Alƙaluman suna da daɗin ji, sai dai mutanen ba su da yawa, kuma hannayen da suka yi aikin ƙwararru ne a manyan cibiyoyi. A ganina, ƙaramin kilif ya wadatar ga yawancin gyambo, babban kuwa a ajiye shi ga tsohon gyambo mai tauri, ko jijiya mai kauri, ko jinin da ya dawo, musamman da yake tsadarsa ba wasa ba ce a wurinmu.

Ana kuma rufe ɓula da kilif. Idan hanji ya huje a lokacin aiki aka gani nan take, sau da yawa kilif yana raba mutum da wuƙar tiyata, amma tsohuwar kafa mai yoyo ba ta cika kamuwa ba. Haka bayan cire babban tsiro daga babban hanji: wani bincike na 2019 kan mutum 919 ya nuna rufe wurin da kilif ya rage zubar jini daga kashi 7 zuwa 3.5, kuma amfanin ya fi fitowa a ɓangaren dama na hanjin.

Kada kuma a ɗauka duk aman jini maganinsa ke nan. A yankinmu ciwon hanta da tsargiya suna kumbura jijiyoyin maƙoshi har su fashe, waɗannan kuwa da roba ake ɗaure su.

Abin da ya fi damuna game da Baba ba ƙarfen ba ne, dalilin gyambon ne, domin kilif jini kawai ya tsayar, bai warkar da komai ba. Ki duba aljihunsa da ƙarƙashin matashinsa. Dattawa da yawa suna shan diclofenac ko ibuprofen, ko haɗin da ake ƙulle musu a leda a kemis saboda ciwon gwiwa, ba sa ma lissafa shi cikin magani idan an tambaye su. Ya daina su gaba ɗaya. Idan kuwa likitan zuciya ne ya ɗora shi kan asfirin, a koma gare shi ya faɗi ranar ci gaba, kada ku yanke da kanku. A gwada shi ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambon ciki, idan an gwada a lokacin zubar jinin ba a gani ba a maimaita, saboda gwajin yakan yi kuskure a irin wannan hali. Ya shanye maganin rage tsamin ciki, irin su omeprazole, har ƙarshen wa'adin da aka ɗiba masa. Idan gyambon a tumbi yake, za a so a sake leƙawa bayan wata biyu zuwa uku don a tabbatar ya warke kuma ba daji ba ne.

Jini ya fi dawowa a kwana ukun farko, Baba ya wuce su, amma idan baƙin bayan gida ya dawo, ko jiri ya ɗebe shi da ya miƙe, ku koma asibiti a daren, kada ku jira wayewar gari. Ku kuma nemi a rubuta muku sunan kilif ɗin da ranar da aka saka, ku nuna takardar duk ranar da aka ce za a yi masa hoton MRI, domin ba kowane iri ne ake shiga injin da shi ba.