An ce in kawo takardar kula da muhalli kafin a ba ni aikin tebura

Tambaya: Ina da shagon walda a Zango, nan Damagaram. Muna ƙera tebura, kujeru da kabad na ƙarfe don ofisoshi, ina da yara 7 da ɗan ƙaramin ofis. Wata ƙungiya tana neman tebura 60, amma ta ce duk mai son aikin ya kawo takarda kan yadda shagonsa ke kula da muhalli. An ba ni shawara in sayi faranti na hasken rana in ɗauki hoto. Miliyan ɗaya da rabi na sefa ke hannuna, kuma shi ne jarin ƙarfe. In sa shi a can?

Amsa: Alhaji, kada ka taɓa jarin ƙarfe. In aka ba ka aikin alhali kuɗin suna kan rufin shago, sai ka ci bashin ƙarfe da tsada, ribar tebura 60 ta tafi a nan. Fara komawa wajen ƙungiyar ka tambaye su a rubuce: shaidar ISO 14001, wato takardar shaida ta ƙasa da ƙasa kan tsarin kula da muhalli, suke nema, ko bayanin abin da kake yi? Ta farkon tana buƙatar masu bincike daga waje da kuɗi mai yawa, galibi manyan masana'antu ke yin ta. A wurin shago irin naka yawanci shafi ɗaya ko biyu ake so, mai lissafi na gaskiya, wanda in sun zo da ƙafarsu za su tarar da shi a ƙasa.

Lissafin nan kuwa daga ƙarfe yake farawa, domin nan kuɗinka suka fi zuba. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu yana zuwa da tsawon mita 6. Tebur na ofis tsayinsa santimita 75 ne har da katakon sama. In yaro ya yanka ƙafa a 75 cif, ƙafa 7 zai samu, ta 8 ta gaza, saboda faifan yanka yana cin wajen milimita 3 a kowane yanka. In ka yanka a 72, katako da robar ƙafa suka cike sauran, ƙafa 8 za ka fitar a sanda ɗaya. Tebura 60 ƙafa 240 ke nan: sanda 30 maimakon 35. Sanda 5 sun tsira tun ba a kunna wuta ba. Amma ka auna sandar da kanka a wajen mai sayarwa, don akwai wadda ake kira mita 6 alhali 5.8 ce, kuma a irin wannan da ƙyar ƙafa 8 za su fita. Ka rubuta ma'aunin yanka a jikin bango, mutum ɗaya ya riƙa yanka. Guntayen da suka haura santimita 20 a ajiye su gefe don ƙarfafa kusurwa. Sauran a tara a ganga, a auna a kilo, a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, a rubuta.

Haka sandar walda. Tsawonta santimita 35, ana iya ƙona ta har saura 5. Yaron da ke jefar da ita tana da saura 10 yana zubar maka da fakiti ɗaya cikin shida. Ka ajiye gwangwani, kowa ya maido guntunsa kafin a ba shi sabuwa.

Sai fenti, wanda nake ganin shi ne abin da mai bincike zai fi dubawa, kuma shi ya fi shafar lafiyar yaranka. Bindigar feshi ta gargajiya fiye da rabin fentin take watsawa a iska. Mai ƙaramin matsin iska, wadda ake rubuta HVLP a jikinta, tana sauke wajen kashi biyu cikin uku a kan ƙarfen. A yi feshi a kusurwar da aka kewaye, ba a bakin titi ba, mai feshi ya sa takunkumi mai matatar gawayi, domin ƙyalle ba ya tare ƙaurin sinadarin tsinka fenti. Sinadarin da aka wanke bindiga da shi a zuba a gwangwani mai murfi, ya kwana biyu ya lafa, a tsiyaye na sama a sake wanki da shi. Baƙin man janareta kuma kada ya taɓa ƙasa. Garin da kowa ya san wahalar ruwansa, bai kamata a bar mai yana nutsewa kusa da rijiya ba.

Yanzu wuta. Ka ɗauko takardun kamfanin wuta NIGELEC na wata 6 da lissafin man janareta, ka san nawa kake kashewa. In tsohuwar injin walda mai nauyi kake amfani da ita, tana jan wuta ko ba a walda muddin tana kunne, kuma tana ɓatar da kaso mai yawa a zafi. Ƙaramar ta zamani ta fi ta tattali nesa ba kusa ba, sai dai ƙura da garin ƙarfe ne ajalinta: a nisanta ta da wurin gurza, a hure ta da iska duk mako, kuma kada a haɗa ta da janaretan da wutarsa ke hawa da sauka. Dogon ƙwan fitila mai wat 36 ka maye shi da na LED mai wat 18. Guda 10, awa 10 a rana, kwana 26, kusan kilowat-awa 47 ke nan ka rage a wata. Kowane abu ka raba kuɗinsa da abin da yake rage maka a wata. In ya maido kansa cikin shekara, saya.

Hasken rana yana da wurinsa, ban hana ka ba. Wanda ya ga yadda aiki ya tsaya lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta 2023 ya san amfaninsa. Amma na ofis ne, ba na walda ba, don injin walda tana jan kilowat 3 zuwa 6. Kwamfuta ɗaya, fanka 2, fitila 4 da na'urar buga takarda suna cin wajen kilowat-awa 3 a rana. Faranti 3 masu wat 450 sun isa, a fuskantar da su kudu da ɗan karkata wajen digiri 15, a goge su sau biyu a mako lokacin hunturu. Batir mai ruwa kada a sha fiye da rabinsa, kuma kada a ajiye shi ƙarƙashin kwano: duk ƙarin zafi na digiri 10 sama da 25 yana rage rayuwarsa da rabi, ka kuwa san watan Afrilu da Mayu a nan. In ya mutu, a mayar wa mai sayarwa, kada yara su fasa shi, dalma guba ce. Wannan sayayyar ka bari sai an biya ka kuɗin teburan.

A takardar ka rubuta sanda nawa kake fitar da tebur, kilo nawa na guntaye ka sayar, inda baƙin mai da tsohon batir ke zuwa, kayan kariyar da yara ke sawa, da wutar da ka sha a wata 6. Abin da ba ka fara ba, irin hasken rana, ka sa shi a matsayin niyya tare da watan da za ka yi. Takunkumi, ganguna, ƙwayayen fitila da bindigar feshi ka fara saya a wannan makon, ka ajiye rasit ɗinsu ka haɗa da takardar.