Wane Gwajin Tayirod Zan Fara Yi?

Tambaya: Likita, wata uku ke nan ina fama da kasala da yawan jin sanyi, kuma mahaifiyata tana da maƙoƙo. Ina so in biya kuɗin gwajin jini da kaina. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Malama, ki fara da gwajin TSH, wato sinadarin da ke sa tayirod (wata ƙaramar gaɓa a gaban wuya) ta yi aiki, domin shi ne kan fara sauyawa idan aikin tayirod ya samu tangarɗa, kuma ga yawancin manya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0. Idan ya haura ko ya sauka, sai ki ƙara da gwajin Free T4, wato sinadarin da tayirod ɗin ke samarwa. Gwajin T3 kuwa, wanda shi ma sinadarin tayirod ne, ya fi amfani idan TSH ya yi ƙasa. Idan kina shan ƙwayar biotin saboda gashi, ki dakata kwana 2 kafin gwajin, don tana gurɓata sakamako. Ina roƙonki kada ki fara shan magani kafin likita ya duba sakamakon.