Idan yaro ya sha sodar sabulu, lemon tsami zai kashe ta?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare a nan Gombe. Mamata ta fara haɗa sabulun ruwa tana sayarwa, kuma takan jiƙa soda a bokiti ta kwana. Ina da ƙanne ƙanana, hankalina ba ya kwanciya. Maƙwabciyarmu ta ce idan yaro ya sha, a ɗura masa lemon tsami ko manja. Mu ma an koya mana cewa asid (irin na lemon tsami) da bes (irin su soda) in sun haɗu gishiri da ruwa suke bayarwa. Gaskiya ta faɗa?

Amsa: 'Yata, abin da aka koya miki daidai ne, shawarar maƙwabciyarku kuwa tana iya halaka yaro.

Ki tuna yadda kuke haɗa gishiri a ɗakin gwaji. NaOH ɗin da ake ba ku, wato soda a sunanta na kimiyya, an tsarma shi sosai da ruwa. Kun auna shi da fifet, bututun awo, kuna sako asid na HCl ɗigo-ɗigo daga biyuret, bututu mai famfo, indiketa mai canza launi na gaya muku inda za ku tsaya. Duk wannan a cikin gilashi ne, wanda ba ya ƙuna. Sodar da ke bokitin Mama ita ce NaOH ɗin nan dai, amma kaifinta ya ninka na makaranta sau da yawa. Ki kula da yadda bokitin ke ɗaukar zafi da zarar an zuba ta a ruwa.

To ga inda mutane suke ɓata, kuma na gaji da jin wannan magana har daga bakin waɗanda suka ci WAEC. Haɗuwar asid da bes tana fitar da zafi, musamman idan duka biyun masu ƙarfi ne. Maƙoshin da soda ta riga ta sale, za ki ƙara masa zafi da tsami a kan ɗanyen ciwo. Sannan ba ki san yawan abin da yaron ya haɗiya ba, da me za ki auna? Soda ba ta jira. Halinta shi ne ta narkar da mai ya zama sabulu, haka take yi wa kitsen da ke jikin mutum. Santsin nan da ake ji idan ta taɓa yatsa, fatar ce ta fara narkewa. Kafin a yanko lemon, ta riga ta ratsa nama.

Manja kuma don a sa amai ake ba da shi, amai kuwa shi ne mafi muni. Sodar ta ƙona hanyar abinci a kan hanyarta ta sauka, sai a dawo da ita ta sake ƙonawa, wani sashe ma ya faɗa huhu. Wasu yaran bakinsu ba ya nuna komai, a ce an yi dace, bayan 'yan makonni tabon ya tsuke maƙoshi har koko ya gagara wucewa, sai an yi ta aiki a asibiti. Mai kemis da zai ce a ba shi madara da ƙwai a zauna a gida, wallahi bai san abin da yake faɗa ba.

Abin yi kaɗan ne. A kurkure masa baki, kada a ɗura komai, kada a zura masa yatsa. A ɗauki ledar sodar a wuce asibiti nan take, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Ƙwararru, ko da yaron yana wasansa. Idan a fata ce, a cire rigar, a kakkaɓe garin in busasshe ne, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. Ido ma haka, a buɗe shi ana zubawa, sannan asibiti. Ruwan batir, da yake asid ne, idan ya taɓa fata ko ido shi ma ruwa kawai za a kwarara, ban da kanwa ko toka.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu tara mata su koya musu haɗa sabulu cikin yini guda, a raba takardar shaida, ba wanda ya ambaci safar hannu ko tabarau. Jiƙaƙƙiyar soda fara tas take kamar ruwan sha, kuma a robar lemo ake yawan ajiye ta. Yaran nan amana ce, za a tambaye mu. Ki gaya wa Mama cikin ladabi ta samu bokiti mai murfi, a rubuta masa suna, ya kwana a ɗakin da ake kullewa, tun daren yau.