Za a mayar da tsohuwar masaƙar unguwarmu gidaje: me za mu tambaya a taron jin ra'ayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a kudancin garin Kaduna, kusa da wata tsohuwar masaƙa da ta daɗe da daina aiki. Mahaifina a can ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu mun ji wani kamfani zai rushe wurin ya gina rukunin gidaje, an kuma aiko wa mai unguwa takarda cewa za a yi taron jin ra'ayin jama'a. Akwai iyalan tsofaffin ma'aikata da har yau suna cikin kwatas, wasunsu ba a biya su giratuti ba. Me ya kamata mu tambaya? Kuma maganarmu za ta iya canza wani abu, ko dai taron shan lemo ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri. Maganarku za ta iya canza abubuwa da yawa, amma da sharaɗi biyu: a ji ta kafin hukuma ta ba da izinin gini, kuma abin da aka amince da shi ya shiga takarda. Don haka tambayar farko da za ku yi, tun kafin a buɗe taswira, ita ce: an riga an ba da izini ko tukuna? Idan an bayar, sanarwa aka kira ku ku saurara. Idan ba a bayar ba, to da sauran magana. Tun ran gini tun ran zane.

Ku fara sanin wa kuke magana da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Takardar filin masana'anta tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa, saboda haka mayar da shi gidaje sai an nemi canjin amfani. A Kaduna, KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Ku rubuta wa kowacce, ku tambayi sunan da ke kan takardar, girman filin da hekta, da ko an amince da canjin. Wani lokaci za ku tarar filin jingina ne a hannun banki, ko ya koma hannun AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don karɓar basussukan da suka maƙale wa bankuna. Wanda ya kira taron kan iya zama abokin hulɗa kawai, alkawarinsa ba ya ɗaure mai filin.

Yawancin irin waɗannan tarurruka a kan kyan gidaje ake ɓata lokaci: hotuna masu sheƙi, ciyawa kore shar, motoci a jere. Ku kawar da kai daga hoton, ku tambayi abin da ke cikin ƙasa. Masaƙa ba saƙa kaɗai take yi ba. Tana wanke yadi da soda mai ƙuna, tana rina shi da sinadarai da wasunsu ke ɗauke da ƙarafa irin su kuromiyam da tagulla, tana ƙona baƙin mai a tukunyar tururi, tana kuma da tankunan mai da taransifomomi. Man tsofaffin taransifomomi kan ƙunshi wani sinadari da ake kira PCB, wanda ke daɗewa a ƙasa ba ya ruɓewa. Masaƙun Kakuri, unguwar masana'antu da ke kudancin Kaduna, sun faro ne da masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, kuma shekara da shekaru ruwan rinin yankin yana bi ta rafin Makera zuwa kogin Kaduna. Injin ya tsaya, amma abin da ƙasa ta sha tana nan riƙe da shi.

Gwajin ƙasa iri biyu ne, kuma a nan ake yi wa jama'a rufa-ido. Akwai wanda injiniya ke yi don ya san nauyin da ƙasa za ta ɗauka, akwai kuma gwajin guba. Idan aka ce muku “an gwada ƙasa”, ku tambaya: wanne? Gwajin guba na ƙwarai yana farawa da tsohuwar taswirar masana'antar da kuma bakin tsofaffin ma'aikata, domin irin su mahaifinka ne suka san inda ɗakin rini yake, inda tankin mai ya taɓa yoyo, da kwarin da ake zubar da tukuɗin sinadari a bayan katanga. A waɗannan wuraren ake haƙa ramuka a ɗebi ƙasa daga sama, daga tsakiya, da kuma daga zurfin da ya wuce harsashin gini, sannan a bi sauran filin a jere ana ɗiba. Rahoton da ya ce an ɗebi ƙasa a wuri uku a filin hekta goma, duk a filin ƙwallo da gaban ofis, bai gwada komai ba. Ruwa ma a ɗiba sau biyu, da rani da kuma damina, har da rijiyoyinku da ke gangaren filin. Ku riƙe lambobi biyu na Hukumar Lafiya ta Duniya: dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha, kuromiyam kuma 0.05. Ku nemi sunan ɗakin gwaje-gwajen da kwafin ainihin sakamakon.

Abin da ya sa muke nanata wannan shi ne yadda mutanenmu ke zama a gida. Ma'aikaci awa takwas yake yi a kan daɓen siminti ya tafi. Yaro kuwa rarrafe yake yi a tsakar gida yana kai hannu baki, uwarsa ta shuka zogale da alayyafo a gefen katanga, maigida ya haƙa rijiyar burtsatse. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ta ƙura da ƙasar tsakar gida ya shiga jikinsu, maganin ma sai da aka kankare saman ƙasar aka zuba sabuwa. Idan gwaji ya nuna guba, hanyoyin gyara sanannu ne: a kwashe gurɓatacciyar ƙasar a kai inda hukuma ta amince, ko a rufe ta da siminti a ƙarƙashin titi da wurin ajiye motoci, ko a shimfiɗa tsabtatacciyar ƙasa a kai. A Ingila an saba zuba mai kaurin santimita 60 a lambunan gidaje, da shimfiɗar alama a ƙarƙashi don mai haƙa ya san ya iso iyaka. Ku tambayi wacce za a bi, wa zai biya, wa kuma zai sake gwadawa bayan an gama.

Ku maƙwabta, haɗarin da ya fi kusa da ku lokacin rushewa ne. A garin Corby na Ingila, bayan rufe masana'antar ƙarfe a 1980, an yi shekaru ana jigilar gurɓatacciyar ƙasa a motoci ba rufi ta cikin gari. An haifi yara da nakasar hannu da ƙafa, kuma a 2009 babbar kotu ta sami ƙaramar hukumar da sakaci. Saboda haka a rubuta hanyar da tifofi za su bi, a nisanta ta da makaranta da kasuwa, a rufe kowace mota da tamfol, a wanke tayoyi a bakin ƙofa, a riƙa yayyafa ruwa, musamman lokacin hunturu. Tsofaffin rufin asbestos da wanda aka naɗe bututun tururi da shi, jiƙa su ake yi a sauke ɗaya bayan ɗaya ba tare da fasawa ba, a naɗe cikin leda mai kauri ninki biyu, kafin katafila ta shigo. Ƙurarsa ba ta nuna illa nan take, sai bayan shekara 20 zuwa 40 ciwon huhu ya bayyana. Ku kuma ja kunnen 'yan unguwa: kada wanda ya sayi fallen rufin don akurkin kaji, kada wanda ya karɓi durom ɗin sinadari daga hannun 'yan gwangwan ya zuba ruwan sha.

Doka ta ba ku ƙofar shiga. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken rahoto, wato EIA, ga rukunin gidaje da ya kai hekta 50, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kan baje rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi tsokaci. Filinku zai iya gazawa hekta 50, amma wannan ba ya rufe magana. Dokar tsara birane ta tarayya, ita ma ta 1992, ta nemi rahoton muhalli ga filin gidaje da ya wuce hekta 2. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ku tambayi KASUPDA da hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, a rubuce, wane rahoto suka nema kuma a ina za a gan shi.

Batun ruwa, kwata da hanya lissafi ne da za ku iya yi da biro. A ce gidaje 500 ne, kowanne mutum shida, kowa lita 100 a rana: lita 300,000 ke nan kullum. Daga ina? Idan kowane gida burtsatse zai haƙa, rijiyoyinku ne za su fara ƙafewa a watan Afrilu. Ruwan sama na milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne, kuma idan an rufe ko'ina da kwano da siminti, mafi yawansa gangarowa zai yi. Ku ce a nuna muku a taswira inda magudanar za ta ƙare. Sokawe kuma ya nisanci rijiya da kamar mita 30. Sai ƙofar shiga, gurbin 'yan makaranta, da hanyar ƙafa da kuka saba ratsawa, wadda katangar sabon rukunin kan toshe ba wanda ya lura sai an gama.

Maganar mazauna kwatas ta fi kowacce nauyi, kuma gara a faɗa musu gaskiya tun yanzu. Gidan da aka ba mutum saboda aiki ba mallakarsa ba ne, diyyar da dokar amfani da ƙasa ta tanada kuma ta mai takarda ce idan gwamnati ta ƙwace fili. Abin da za su samu yarjejeniya ce za ta ba su. Kwamitinku ya ƙidaya su gida gida tare da wakilin kamfani, da suna, da lambar aiki ta maigidan, da yawan mutane, kowane ɓangare ya sa hannu, a tsayar da ranar rufe rajista don kada 'yan kutse su cika jerin. Daga nan a nemi wa'adi mai tsawo wanda ba zai faɗo tsakiyar damina ko zangon karatu ba, kuɗin kama haya, da fifikon saye a farashi mai sauƙi. Idan an ce za a yi “gidaje masu sauƙin kuɗi”, ku tambayi guda nawa, nawa ne kuɗin, wa zai raba. Giratuti kuwa bashi ne a kan tsohon kamfanin, sabon mai gini zai ce ba ruwansa. Lokacin da ake cinikin filin ne kuɗi ke motsi, don haka yanzu ne za a je wa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, da lauya, a duba shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wanda ya fita daga gida a kan alkawarin baki ya rasa abin da zai yi ciniki da shi.

Tarihin wurin ma yana da haƙƙi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa na kare wuraren da aka ayyana ne, irin su Gidan Makama na Kano, tsofaffin masana'antu kuwa galibi ba sa cikin jerin. Sai dai ku nema da bakinku: babbar ƙofa, bututun hayaƙi, tankin ruwa na sama, jiniyar da ke tashin unguwa da asuba, da sunan wurin. Injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya duba ƙarfin abin da za a bari. A ganinmu, abin da ya fi wannan amfani shi ne a bar wani yanki don sana'a. Fili mai babban layin wuta da faffaɗan titi, da zarar an yanka shi fuloti fuloti, ba zai sake komawa masana'anta ba har abada. A Hayes da ke yammacin Landan, masana'antar Nestlé da aka rufe a 2014 raba ta aka yi: gidaje sama da 1,300 a gefe guda, rumbunan kasuwanci a ɗaya gefen, aka kuma bar fuskar tsohon ginin. Shago ɗaya mai faɗi na masaƙa zai ɗauki teloli, masu walda da kafintoci masu yawa.

Ranar taron, ku nemi a ba ku takardu mako biyu kafin lokaci, a yi shi da yamma ko ƙarshen mako, a yi bayani da Hausa da Turanci. Mata, 'yan haya, matasa, limamai da fastoci duk su samu wakilci, in ya yiwu a yi wa mata zama nasu daban, don su ne suka san halin rijiya da kwata. Ku raba tambayoyin, kowa ya riƙe guda. Takardar sa hannu da ake zagayawa da ita, ku karanta samanta, ku rubuta “halarta kawai”, domin akan liƙa ta a rahoto a matsayin amincewar jama'a. Kuɗin mota kada ya zama dalilin sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Naku marubucin ya rubuta abin da aka faɗa, a kuma ɗauki murya da sanin kowa.

Cikin mako guda bayan taron, ku tattara buƙatunku da lambobi, ku aika wa kamfanin, KASUPDA, KEPA da ƙaramar hukuma, kowane ofis ya buga hatimin karɓa a kwafinku. A cikin wasiƙar ku nemi abu biyu: amsa a rubuce kan kowace buƙata, wadda aka karɓa da wadda aka ƙi da dalili, sannan a sa waɗanda aka karɓa cikin sharuɗɗan izinin gini, da lokacin cika kowanne. Misali, a gama gyaran ƙasa a sake gwadawa kafin a haƙa harsashin farko, a gama babbar magudana kafin a sayar da gidan farko, a sallami mazauna kwatas kafin a taɓa rufin kowa.