Tambaya da amsa: wace kujerar bishiya zan saya don farautar barewa a Ohio?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Columbus ne a jihar Ohio ta Amurka, shekaruna 46. Bana na gama kwas ɗin koyon farauta na karɓi lasisi, kuma wani abokin aikina mai gona da ɗan daji a kudancin jihar ya ba ni izinin farautar barewa a wurinsa. Ya ce in nemi irin kujerar nan da ake ɗaurawa a saman bishiya. Na shiga kanti na tarar da iri-iri, kaina ya ɗaure. Wacce zan saya? Sannan ɗamarar nan da suke cewa a sa, dole ce? Ni da na tashi ina hawan mangwaro da tsamiya tun ina yaro, ban taɓa faɗowa ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi damuna.

Ɗamarar dole ce. Yaron da ya hau tsamiya da rana tsaka, babu takalmi, babu komai a hannunsa, daban yake da dattijo mai shekara 46 da zai hau ƙarfe kafin gari ya waye, sanye da riguna uku da takalmi mai nauyi, raɓa ta daskare a kan matakala, yatsunsa sun sandare. Ana kafa waɗannan kujeru ne a tsayin ƙafa 15 zuwa 20, wato mita huɗu da rabi zuwa shida. Wanda ya faɗo daga mita shida, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai zai isa ƙasa, da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Babu lokacin kama reshe. Abin da ke karyewa shi ne diddige, ƙugu, da ƙashin baya, kuma na ga mutum ƙaƙƙarfa da ya koma keken guragu saboda wannan. Masu koyar da farauta a jihohi da dama suna nanata cewa faɗowa daga bishiya ta fi harsashi jikkata mafarautan barewa, kuma akasarin faɗuwar tana faruwa ne lokacin hawa, lokacin sauka, ko lokacin da mutum ke ɗaga ƙafa daga matakala zuwa kan kujera. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga kujerun. Abin da ka gani a kanti bai wuce iri uku ba, sauran duk ado ne.

Akwai mai tsani: tsani ne na ƙarfe da kujera a samansa, ana jingina shi da bishiya a ɗaure. Yana da nauyi, ba a yawo da shi, kuma kafa shi aikin mutum uku ne. Akwai ta ratayawa: ɗan dandamali ne da kujera, ana ɗaure shi da bel ko sarƙa a jikin bishiya, sai a jera sandunan hawa daga ƙasa zuwa wurinsa. Tana shiga kusan kowace bishiya, ko da karkatacciya ce mai rassa, amma ɗaura ta yana bukatar ka yi aiki da hannu biyu kana sama. Sai kuma mai hawa da kai: gida biyu ce, ɗaya ka zauna, ɗaya ka taka, kana ɗaga su bi da bi suna cizon bishiyar har ka kai inda kake so. Ana goya ta a baya, shi ya sa masu farauta a dajin gwamnati suke son ta. Sai dai ba ta aiki sai a miƙaƙƙiyar bishiya marar reshe a ƙasa, kuma in ɓawon bishiyar mai santsi ne, ko mai ɓarewa, ko ƙanƙara ta lulluɓe shi, tana iya zamewa da kai.

A halin da kake ciki, mai tsani nake ba ka shawara, ba tare da wani kokwanto ba. Gonar abokinka ce, don haka za ka iya kafawa ka bar shi har ƙarshen kakar farauta. Kujerarsa tana da faɗi, yawanci da sanda a gaba da za ka ɗora bindiga, kuma hawansa ya fi kusa da abin da jikinka ya saba. Sauran biyun ka bar su sai ka yi shekara biyu ko uku kana wannan harka.

Wajen saye, duba abu biyu a jikin kwalin. Na farko, tambarin ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru, TMA, wanda ke nuna an gwada kayan bisa ƙa'ida. Tun 2004 kujerun kamfanonin da ke cikin ƙungiyar suke zuwa da ɗamara a cikin kwali. Na biyu, iyakar nauyi. Da yawansu laba 300 ne, kimanin kilo 136, kuma wannan lissafi ya haɗa da kai, da tufafinka, da bindiga, da jaka. Kada ka sayi na hannu da ba ka san tarihinsa ba, araha ba ta ado. Haka nan in ka tarar da wani tsohon dandamalin katako da aka buga da ƙusa a dajin abokinka, kada ka taka shi ko da ya ce maka kakansa ne ya yi shi kuma bai taɓa cin amanar kowa ba. Bishiya tana girma tana tura ƙusa waje, katako kuma yana ruɓewa daga ciki. A Ohio ma doka ta hana buga ƙusa ko ƙarfe a bishiyar dajin gwamnati, a gonar wani kuwa sai da izinin mai ita. Izinin farautar da ya ba ka shi ma ka karɓe shi a rubuce, ya kasance a aljihunka, haka dokar jihar ta ce.

Zaɓen bishiya ya fi zaɓen kujera wuya, kuma nan ne sababbin shiga suke tafka kuskure. Ka nemi rayayyiya, miƙaƙƙiya, mai kauri. Je ka dube ta tun tana da ganye, don da zarar sanyi ya shigo, matacciya da rayayyiya duk kama ɗaya suke yi wa wanda bai saba ba. A yankinku wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wani koren ƙwaro da aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan ash a Michigan da Ohio da maƙwabtansu, kuma mataccen ash yana tsaye kamar lafiyayye alhali ya bushe ƙayau, yana karyewa ba sallama. Ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a samanka. Duba jikin bishiyar kuma: in ka ga wata igiyar tsiro mai gashi-gashi ta manne tana hawa, kada ka taɓa ta da hannu, mai dafi ce, ko babu ganye a jikinta za ta fesa maka ƙuraje masu ƙaiƙayi na mako biyu.

Ta fuskar farautar kanta, abin kwanton ɓauna ne. Nemi inda sawun kofato ya yi hanya tsakanin kurmin da barewa ke kwana da inda take kiwo, bakin gonar masara ko waken soya, ko ƙarƙashin itacen farin oak lokacin da 'ya'yansa ke zuba. Kada ka kafa a kan hanyar, ja gefe kamar taku ashirin. Hancin barewa ya fi idonta, saboda haka ka zauna inda iska za ta kwashe warin jikinka ta yi nesa da hanyar. A tuddan kudancin Ohio iska tana hawa tudu da safe in rana ta ɗumama ƙasa, da yamma kuma ta gangaro. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ƙara tsayi ƙara sa'a. In ka wuce ƙafa 20, harbin yana zama a tsaye, wurin da za ka samu huhu biyu ya ƙanƙance, sai ka raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale.

Mu koma kan ɗamara. Wadda ake nufi ita ce mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, da igiya a tsakiyar baya. Tsohuwar mai zagaye ƙugu kaɗai an daina amfani da ita, don tana iya juya mutum kai ƙasa ko ta matse masa numfashi. To amma ga inda mutane da yawa ke yaudarar kansu: su sa ɗamara, su hau ba a ɗaure ba, sai sun zauna sannan su maƙala igiya. Ka tuna inda na ce faɗuwa ta fi yawa. Maganin wannan wata doguwar igiya ce da ake ɗaurewa a saman kujera ta sauko har gindin bishiya, da wani ƙulli a jikinta da ake kira Prusik, sunan wani ɗan Ostiriya mai hawan duwatsu, Karl Prusik. In ka tura ƙullin da hannu yana tafiya sumul, in nauyi ya fizge shi sai ya cije. Kana ƙasa za ka maƙala ƙugiyar ɗamararka a jikinsa, kana hawa kana tura shi sama da kanka, ba za ka cire ba sai ƙafafunka biyu sun dawo ƙasa. Kuɗin igiyar bai kai na tankin mai ɗaya ba.

Ranar kafa tsanin ita ce ranar da ta fi haɗari, don igiyar ba ta hau ba tukuna. Mutum biyu su riƙe, a kafa sandar da ke tokare tsakiyar tsani da bishiya, a zagaya igiyoyin tsanin guda biyu ta bayan bishiyar a ɗaure tam, sannan mutum ya hau ya ɗaure saman. In ƙasar tana da laushi, ƙafar tsani ɗaya za ta nutse, don haka a gwada tun ana ƙasa. Idan ka zauna, ɗaura igiyar bayanka sama da kanka yadda ba za ta yi sako-sako ba. In ka zame, tazarar ta zama 'yar kaɗan, ka iya komawa da kanka.

Abin da ya sa nake zafafawa, ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya na bar kujerar ratayawa a bishiya tun daga kaka har wata kakar. Da asuba na hau, na ɗora ƙafar dama a kan dandamalin, sai na ji ƙas, ya sunkuya. Kurege ne ya gwaguye bel ɗin ta bayan bishiya, inda ido ba ya kaiwa, rana da ruwa suka ƙarasa sauran. Na tsinci kaina ina lilo, fuskata na gugar ɓawo, tocilan ɗin goshina ta faɗi tana haska ganye a can ƙasa. Igiyar ce ta riƙe ni. Abin da ban zata ba shi ne yadda maɗauran cinya suka fara datse ni nan da nan, ƙafafuna suka yi nauyi. Wanda ya daɗe a rataye haka, jini yana taruwa a ƙafafunsa, yana iya suma, yana iya rasa ransa. Shi ya sa ake haɗa ɗamara da wani ɗan bel da za ka zaro ka taka ka miƙe a kai, ka sassauta wa cinyoyinka. Nawa yana cikin jaka, jakar tana ƙasa. Allah ya taimake ni sandar hawa tana kusa, na laluba da ƙafa na samu. Tun ranar, bel ɗin da waya da usur suna aljihun ƙirjina, kuma ba na barin kujera ta shekara a daji. Ɗamarar da ta taɓa tare faɗuwa kuwa ta gama aiki, a sauya ta. Ka duba ranar ƙarewar da ke jikin lakabinta ma.

Bindiga ba ta hawa tare da kai. Cire harsashi, ɗaura ta a siririyar igiya bakinta na kallon ƙasa, ka hau da hannu biyu, ka zauna, sannan ka jawo ta. Wajen sauka ita za ta riga ka. Kullum gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Makon farautar barewa da bindiga a Ohio yana farawa ranar Litinin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma dole ka sa riga mai ruwan lemo mai haske ko kana saman bishiya. In aikin dare kake yi, kada ka tashi daga aiki ka wuce daji. Sanyi da shiru suna kawo gyangyaɗi, kuma mutane da yawa daga barci suka faɗo.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wanda ba za ka ji shi a kwas ba. Ɗan'uwa Musulmi yana harbi, barewa ta faɗi, sai ya zabura zai sauka da gudu don ya riski yanka kafin rai ya fita, jiki na rawa, wuƙa a hannu. A wannan minti ɗin ake karyewa. Ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunama. Hukuncin da malamai suka ciro daga hadisin Adiyyu ɗan Hatim shi ne, in ka riske ta da rai ka yanka, in kuma makamin ya huda ta ta mutu kafin ka iso, ta halatta. Ka zauna da malaminka ku tattauna wannan tun kafin ranar, don zuciyarka ta natsu. Bayan harbi, sa wa bindiga makulli, ka lura da bishiyar da dabbar ta ɓace a bayanta, ka jira numfashinka ya daidaita, ka cire harsashi, ka saukar da bindigar, sannan ka bi matakala ɗaya bayan ɗaya. Wuƙa tana cikin kube har ka taka ƙasa.

Kafin ranar farko, kafa ɗamararka a wata bishiya a bayan gida, ƙafafunka na kusa da ƙasa, wani na tsaye kusa da kai, ka saki jiki ka rataya, ka gwada zaro bel ɗin ka taka. Kuma duk ranar da za ka fita, ka tura wa mai ɗakinka da abokin naka ainihin wurin bishiyar a taswirar waya, da lokacin da za ka fito, ka gaya musu in lokacin ya wuce da awa ɗaya ba su ji ka ba su taho. Wasu kwaruruka na kudancin jihar babu sabis, don haka ka tura saƙon tun kana bakin titi.