Tambaya da Amsa: Tsara Dandamalin Wasan Soyayya

Tambaya: Ɗalibanmu a Daura za su yi wasan kwaikwayo kan soyayyar samari da 'yan mata, amma kuɗinmu kaɗan ne. Yaya za mu tsara dandamalin?

Amsa: Malama, ki mayar da dandamalin ƙofar gida, domin a nan ake zance. A zana zaure a jikin katako da launin jar ƙasa, a yi masa dagi a saman ƙofa, sannan a ajiye dakali da tabarma nesa da juna, saboda tazarar da ke tsakanin saurayi da budurwa ita ce za ta nuna kunyarsu. Fitila mai ruwan ɗorawa daga gefe guda ta isa ta nuna cewa bayan magariba ne. Zanen ginin rijiyar Kusugu a labulen baya zai sanar da 'yan kallo garin.