Mai sanyaya kwamfuta da ruwa: wanne za a saya idan kuɗi kaɗan ne?

Ka ce mini: "Oga, kwastoma yana son a saka wa kwamfutarsa ta tebur sanyin ruwa, amma kuɗinsa ba yawa, wanne zan ce ya saya?" To yaro, kafin ka ambaci kowane kaya, tambaye shi furosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake son sanyayawa. Idan irin Ryzen 5 5600 ce mai wat 65, ba ta buƙatar ruwa. Fanka mai kyau haɗe da ƙarfen kwashe zafi, kamar Peerless Assassin ta Thermalright, ta ishe ta, kuma a cikinta babu abin da zai lalace sai fankar kanta. Wadda ke neman ruwa da gaske ita ce irin Core i9-13900K, mai kaiwa wat 253 idan aiki ya yi nauyi, kuma mai irin wannan ba ya zuwa yana kukan kuɗi.

Idan ya nace, yawanci don fitilu ne da ado, to ka ba shi rufaffen nan da ake kira AIO, wanda ya zo da famfo da tiyo da lagireto a haɗe daga kamfani. Kada ka yarda ka harhaɗa masa da kayan araha ɗaiɗai. Jan ƙarfe da alminiyom idan suka haɗu a ruwa ɗaya ba tare da maganin da ya dace ba, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, daga nan sai toshewa da yoyo a kan madabod, babban allon da aka dasa kayan kwamfutar a kai. Kai za a nema ranar.

Lagireto mai milimita 120 asarar kuɗi ce, bai fi fanka mai kyau ba. Fara daga 240, mai fanka biyu. Auna akwatin kwamfutar tukuna, tsawo da kauri, domin na Arctic Liquid Freezer III kaurinsa milimita 38 ne, a wasu akwatunan yana tokare RAM, sandunan ma'adanar da ke tsaye kusa da furosesa. Duba ko maƙalan da suka dace da soket ɗinsa, wato mazaunin furosesar, na cikin kwali, AM4 ne ko AM5 ko LGA1700.

Na hannu kuwa, ko kyauta ne ka bar shi. Ruwan ciki yana raguwa a hankali ta jikin tiyo, famfon yana gajiya, kuma ba ka da hanyar sanin shekarunsa. Sabo mai garanti. Arctic shekara 6 suke bayarwa, sai dai ka tambayi mai shago ko shi zai karɓa idan ya mutu.

Wajen ɗaurawa, famfo kada ya zama shi ne a can sama. Iskar da ke cikin ruwan sama take taruwa, idan ta shiga famfo za ka ji ƙara, kuma ba zai daɗe ba. Sa lagireton a rufin akwati. In a gaba ne, bakin tiyo ya kalli ƙasa. Cire ledar da ke manne a farantin jan ƙarfen kafin ka shafa man zafi, man da ake sawa tsakanin farantin da furosesa.

Ka kuma gaya wa kwastoman gaskiya: ruwa ba firiji ba ne, zafin yake kwashewa ya miƙa wa iskar ɗakin. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, kada ya sa ran lambobin zafin da yake gani a YouTube. Da hunturu kuma ƙura na toshe lagireto da wuri, sai ya riƙa kawo kwamfutar kana hure masa da bulowa, kana riƙe da fankokin don kada su juya.